Jawabi A Kan Wasan Kurket A Kwalejin Katsina

Abin da za a yi magana a kansa yau wani wasa ne da manyanmu suka koya a makaranta, suka ƙware, amma bai bi su gida ba. Sunansa kurket.

Cikin shekarar 1922 Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Nufin Gwamnati shi ne a horar da malamai waɗanda za su koyar a makarantun larduna, sabo da haka aka riƙa zaɓo yara daga Sakkwato, da Barno, da Bauci, da Bida, da sauran ƙasashen sarakuna. Turawan da aka kawo su koyar da su kuwa sun fito daga makarantun kwana na Ingila, inda a ke ganin yaro bai gama ilmi ba sai an gwada halinsa a fili. Da suka zo, sai suka zo da wasanninsu.

Ga yadda kurket ya ke, domin wanda bai taɓa gani ba. Mutum 11 ke nan gefe, 11 ke can. A tsakiyar fili a kan auna yadi 22, a kafa turaku uku a kowane ƙarshe, a ɗora 'yan ƙirare biyu a bisansu. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya jefa ƙwallo, yana neman ya ka da turakun. Mai tsaro kuwa yana riƙe da wani katako mai faɗi kamar filafilin jirgi, ya kare turakunsa, in ya sami hali ya make ƙwallon ta yi nisa, shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, ana ƙidaya musu. Jifa shida, sai a sake mai jifa. Ƙwallon kuwa ba ta wasa ba ce, an ɗinke ta da fata, tauri gare ta kamar goriba. Wanda ta sama a ƙwauri ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Abu biyu cikin wasan nan sun dace da mutumin ofis. Na fari, in alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, mai tsaro ya fita ke nan, ko ɗan sarki ne, ko yana ganin an zalunce shi. Ba musu, ba ɗaukaka ƙara. A makarantar da ɗan basarake da ɗan malami ke karatu tare, wannan ba ƙaramin darasi ba ne. Na biyu, littafin lissafi. Kowace jifa sai an rubuta ta, a ƙarshe kuma abin da masu tsaro suka samu dole ya yi daidai da abin da aka ci masu jifa, in ya saɓa ko da ɗaya ne sai a koma a bi layi layi. Duk wanda ya taɓa kwana a Baitulmali yana neman inda sisi ya ɓace ya san wannan aiki.

Cikin waɗanda suka yi karatu a Kwalejin akwai Alhaji Abubakar Imam, da Sir Kashim Ibrahim, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma wanda aka fi sani da son wasa shi ne Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zauna can daga 1926 zuwa 1931. Ya yi kurket, ya kuma shugabanci 'yan wasan fayif, watau ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu.

To, a nan ne abin lura ya ke. Wasa uku Turawa suka kawo Katsina a zamani guda, biyu suka kama ƙasa, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar makaranta. Folo ya sami Sarki Dikko, ya sami ɗansa Usman Nagogo, wanda sunansa ya kai ƙasashen waje a kan doki, ga shi kuwa Katsinawa da ma mahaya ne. Fayif ya sami Sardauna, bukatarsa kuma kaɗan ce: bango, da ƙwallo, da mutum huɗu, kafin magariba an gama. Kurket fa? Katakonsa daga wani itace a ke sassaƙa shi wanda ba ya tsiro a ƙasarmu, sai an yi odarsa daga Ingila. Haka ƙwallo, haka safar hannu da abin kare ƙwauri. Yana son fili shimfiɗaɗɗe wanda a ke kula da shi, yana son mutum 22, yana cin yini guda, wani lokaci ya fi. Watau wasa ne da ba ya rayuwa sai da baitulmali a bayansa. Yaron da ya ƙware, in ya koma garinsu ya zama malamin Elementare ko magatakardan hakimi, wa zai jefa masa ƙwallo?

A ƙasar kudu abin ya fi tsanani. Da damina fili ya jiƙe, kowa yana gona. Lokacin da ya dace da kurket shi ne hunturu, shi ne kuwa lokacin cirar auduga da kai ta kasuwa, sa'ad da injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi ba su hutawa, malaman En'e kuma suna can kan haraji. Ba wanda ya isa ya tara ƙarti 22 su yini suna bin ƙwallo alhali auduga na jira a gona, kuma ba a ga laifinsu ba.

Cikin 1938 aka ta da Kwalejin daga Katsina aka mai da ita Kaduna, cikin 1949 aka kai ta Zariya, cikin 1971 aka sa mata suna Barewa. Birnin Katsina ya yi rashi, amma ga mutanen kudu makaranta matsowa ta yi. Daga Funtuwa zuwa Katsina ya fi mil 100, zuwa Zariya kuwa bai kai mil 50 ba, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama cikin 1929, ta ratsa Funtuwa. Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya zama Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, cikin 1992, ɗan Kwalejin ne na zamanin Kaduna.

En'e kanta an rushe ta cikin 1976, aka kafa ƙananan hukumomi. Wasan kuwa bai mutu a Nijeriya ba. Tun 1904 Ikko ta kara da Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Cikin 2020 samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka je gasar duniya a Afirka ta Kudu, cikin 2025 kuma 'yan matanmu suka ka da New Zealand a ƙasar Maleshiya. Yau ana samun katakon da ƙwallon da sauƙi fiye da dā, an kuma fito da gajeren wasa wanda a ke gamawa cikin awa uku, har ɗan manomi ya iya yi bayan la'asar. Abin da ya rage shi ne fili, shi kuwa yana hannun masu sa hannu a takardun filaye. Filin makaranta in an yanka shi fuloti aka yi gini, ba ya komowa.

Tsohon ginin Kwalejin, na jar ƙasa, yana nan tsaye a birnin Katsina, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Wanda hanya ta bi da shi birni ya ratse ya gani.