Jawabi Ga Matasanmu Masu Haɗa Rediyon Mota

 

An nemi in yi tsokaci kan sana'o'in matasanmu. Na zaɓi ta masu haɗa amfilifaya da lasifika a mota, saboda abin da na gani bara a bakin tasha: motar haya ta ƙone ƙurmus, kwana uku da sanya mata sabon sauti. Da aka bincika, sai aka tarar an ja waya daga batir zuwa but babu fiyus.

'Ya'yana, batirin mota bolt 12 ne, amma kada ƙanƙantar wannan adadi ta ruɗe ku. Amfilifaya mai wat 600 tana iya jan amfiya 50, domin 600 a raba da 12, 50 ke nan. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan nauyi; zafi za ta yi har robarta ta narke. Saboda haka ku nemi kakkaurar waya ta jan ƙarfe zalla, domin ta alminiyam mai rufin jan ƙarfe ba ta kai ta ba. Araha ba ta ado.

Kafin ku taɓa komai, ku cire kan batir mai alamar ragewa. Ku sanya fiyus kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, domin aikinsa tsare wayar ne idan ta goge ta taɓa ƙarfe. Wayar da ke komawa jikin mota kuwa ta zama gajera, a kankare fenti a ɗaure ta tamau.

Game da lasifika, yawancin na mota om 4 ne. Idan aka haɗa biyu kai da kai, sun koma om 2, kuma amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba tana iya ƙonewa. Idan kuma aka juya wayar ɗaya, sai amonsu ya riƙa cin juna.

Ina roƙon ƙungiya ta gayyato ƙwararren rewaya ya horar da yaranmu a hutun ƙarshen shekara. Ku kuma ku tuna, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Rayukan fasinjoji amana ce a hannunku.

Allah Ya albarkaci sana'arku. Wassalamu alaikum.