Ƙafar da ta kafe da amon ƙwarya: shiri kan masu ciwon karkarwa da masu jinyarsu

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Boko da Mawashi da Kaikai da Yashe a ƙasar Kusada, da na Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya da cikin garin Kankiya. Shirinmu na yau na gidajen da ke da mai ciwon karkarwa ne, da waɗanda ke ɗawainiya da shi dare da rana.

Kun san irin dattijon da nake nufi. Yana zaune, hannunsa na kan cinya yana kyarma shi kaɗai, amma da ya miƙa shi zai ɗauki moɗa sai kyarmar ta lafa. Tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku, yana jan ƙafa, ya ranƙwafa gaba. Murya ta yi ƙasa, fuska ta daina nuna fara'a har a ce ya cika fushi. Idan ya zo bakin zaure, ko zai juya, sai ƙafa ta kafe, ya yi ya yi ta ƙi ɗaguwa. A gida a ce tsufa ne, wasu su ce jifa ne ko iska. Likitoci suna kiransa ciwon Fakinsin, da sunan James Parkinson, likitan Landan da ya fara bayyana shi a rubuce a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun haura miliyan 8.5 a 2019. Shi ne ciwon da ɗan dambe Muhammad Ali ya yi fama da shi tun 1984 har rasuwarsa a 2016. Ba a ɗaukarsa a wajen wani, saboda haka babu dalilin ware wa mai shi kwano ko ɗaki.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsin da muka saba ya riƙa zuwa ba sai mun yi tunani ba, kamar tafiya da juyi a kan shimfiɗa. Idan ƙwayoyin wannan sashe suka fara mutuwa, umarnin tafiya sai ya riƙa maƙalewa a hanya, alhali ƙafar kanta lafiyarta ƙalau. Maganin da aka fi dogara da shi sunansa lebodofa, kuma likita ne ke rubuta shi. Ba ya warkarwa, amma yana dawo da motsi na wasu sa'o'i, shi ya sa ake shan sa a kan ƙa'ida, ba a tsallake lokaci, ba a kuma daina shi kwatsam. Wanda ya ga waɗannan alamu ya fara da Babban Asibitin Kankiya, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, inda ake samun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A tafi da duk maganin da yake sha, domin akwai magungunan taɓin hankali da na hana amai da ke kawo irin wannan kyarma.

To, ina kiɗa ya shigo?

An daɗe da lura cewa mutumin da ƙafarsa ta kafe, idan ya ji amo mai tafiya daidai, tafi ne ko ganga ko ƙirga, sau da yawa sai ƙafar ta saku. Kamar direban da ya tarar gada ta karye ne, ya bi ratse ya kai garin: umarnin ya bi ta kunne ya isa ƙafa. A 1996 wani masani a Amurka, Michael Thaut, da abokan aikinsa suka sa masu wannan ciwo tafiya da kiɗa a gida tsawon mako 3, aka ga saurinsu da tsawon takunsu sun ƙaru. A 2001 ƙungiyar rawa ta Mark Morris da ke unguwar Buruklin a birnin New York ta haɗa kai da ƙungiyar masu Fakinsin ta unguwar, suka buɗe ajin rawa da ake kira Dance for PD. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama. Ana farawa a zaune kan kujera, sannan a miƙe a riƙe wani abu, daga ƙarshe a ratsa ɗaki da taku. Mata da miji da 'ya'ya masu jinya su ma suna cikin sahu, ba a bar su a bakin ƙofa suna jira ba.

Mu nan ba sai mun aro kiɗan kowa ba. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yadda gangar noma ke daidaita saran fartanya. Matanmu sun san lugude, sun san kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa. Dattijon da ya tashi da kalangun Mamman Shata, ɗan Musawa maƙwabciyarmu, amon yana nan a jikinsa. Kiɗan da mutum ya sani tun ƙuruciya shi ya fi saurin tayar masa da ƙafa. A dai zaɓi mai matsakaicin sauri, wanda bugunsa ke fita sarai.

Na san wani zai ce, Malam, da girmana da furfurata zan tashi in yi rawa? Baba, ba dandali za a kai ka ba. Motsa jiki ne a tsakar gida, maza daban mata daban. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba, tafi ya isa, ko ƙirga da ƙarfi, ko wani baiti da ya saba rerawa. Abin da ake bukata amo ne mai maimaituwa.

Bari mu gwada yanzu. A samo kujera mai ƙarfi mai majingina, ba kujerar tsakar gida 'yar gajeruwa ba, domin tashi daga kanta wuya ne da ita. A share wurin, a naɗe tabarma, a cire silifas mai santsi.

[Kiɗan ƙwarya a hankali]

Baba, Inna, a zauna sosai, tafin ƙafa biyu a ƙasa. A ɗaga ƙafar dama a ajiye, a ɗaga ta hagu a ajiye. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Yanzu hannuwa: a buɗe su da faɗi, a ɗaga sama iya iyawa, a ware yatsu, a sauke. A yi motsin da girma, ya fi yadda ake jin ya kamata, domin wannan ciwo yana ƙanƙantar da motsi mutum bai sani ba. A juya kafaɗa dama, a juya hagu. A buɗe baki a ƙirga da ƙarfi, muryar ma tana son aiki. Wanda zai iya, ya miƙe ya riƙe bayan kujera, ya karkata nauyinsa dama, ya karkata hagu, tare da bugun ƙwarya. Mai jinya, ki tsaya gefensa, ki yi duk abin da yake yi.

[Kiɗa ya lafa]

Madalla. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar a farko, sau 3 a mako ko fiye, kuma a lokacin da magani ke aiki a jiki. A yi da safe ko bayan la'asar, a ajiye ruwan sha kusa. Wanda ke jin jiri in ya miƙe ya tashi a hankali, in jirin bai tafi ba ya ci gaba a zaune. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Idan ƙafa ta kafe a hanya, don Allah kada a ja shi, jan nan ke kawo faɗuwa. A bari ya tsaya cik, ya karkata nauyi gefe guda, a ƙirga masa, sannan ya yi babban taku ɗaya. Wani kuma in aka ja layi a ƙasa aka ce ya tsallake, sai tafiyar ta dawo.

Masu shanyewar ɓarin jiki su ma suna amfana da tafiya da amo, amma sai likitan gashi ya duba ya ce a fara. Shi kuwa wanda baki ya karkace masa farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba a jira komai, asibiti za a nufa a wannan sa'a.

Yanzu gare ku masu jinya, kuma yawancinku mata ne: uwargida, ɗiya, matar ɗa. Ke ce mai ɗagawa, mai wanka, mai tashi tsakar dare ki juya shi. Bayanki na ciwo, barci bai ishe ki ba, biki da suna sun wuce ki, kowa ya shigo sai ya tambayi mai jiki, ba mai tambayar ki. Wannan motsa jiki naki ne ke ma. Na ɗan wannan lokaci ba ɗawainiya kike ba, ku biyu kuna yin abu ɗaya tare, kuma gaɓoɓinki suna samun nasu rabo. Idan kun san wani gida a unguwa mai irin wannan larura, ku haɗu gida 3 ko 4 a tsakar gida ɗaya, maza kuma a zaure ko ajin makaranta bayan an tashi. Ku sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ya zo ya auna hawan jini kafin a fara. 'Yan'uwa maza kuma, ku karɓi jinyar ko da yini guda a mako, ku ɗauki nauyin kuɗin magani da na mota zuwa Katsina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Manomanmu, kalma ɗaya: bincike ya danganta yawan cuɗanya da wasu magungunan feshi, irin su farakwat na kashe ciyawa, da ƙarin haɗarin wannan ciwo. A rufe hanci da baki da hannu lokacin feshi, a yi wanka bayan an gama, kada a zuba ruwan sha a galan ɗin da ya ƙare.

Kiɗa ba zai tsayar da ciwon ba, kuma ba ya maye gurbin magani. Abin da ake sa rai shi ne taku ya ƙara tsawo, tsayuwa ta ƙara ƙarfi, mutum ya iya kai kansa masallaci ko gidan maƙwabta. Ranar 11 ga Afrilu ce ranar masu wannan ciwo ta duniya. Unguwar da ta fara haɗuwa kafin nan, ta aiko mana da labari mu karanta a wannan fili.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.

[Kiɗan rufe shiri]