HAƊIN KAI BA SHI NE KOWA YA ZAMA IRI ƊAYA BA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya a Hausari, Maiduguri

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, iyakata Islamiyya. In na yi kuskure malamai su gyara mini.

Jama'a, abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne abin da na gani da idona lokacin ambaliyar watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Gwange da rabin gari. Muna rabon ɗan abin da muka tara, sai na ji wani ɗan'uwa yana tambaya a kan wani magidanci da gidansa ya rushe: "Wannan namu ne kuwa? A wane masallaci yake salla?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Ruwan da ya shigo bai tambayi kowa ko ɗan Ɗarika ne ko ɗan Izala ba.

Mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka zauna a ƙasar Barno, mun san amfanin zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Da shi aka yi wa baƙo masauki, aka ba yaro jari, aka yi jana'izar wanda ba shi da kowa. Amma akwai inda muke karkacewa: sai mu ɗauka haɗin kai shi ne kowa ya yi salla yadda nake yi, ya bi malamin da nake bi, ya zaɓi jam'iyyar da na zaɓa. Wanda ya bambanta a ce ya fita daga cikinmu.

Bari in kai ku nesa kaɗan, ƙasar Koriya ta Kudu, inda ake ƙera wayoyin Samsung da motocin Hyundai da muke saye da sayarwa. Ɗana da ke jami'a ne ya ba ni labarinsu. Mutane ne masu tsananin son tafiya tare da girmama na gaba. Ko a magana ba su cika cewa "gidana" ba, sai "gidanmu", har mutum kan ce "matarmu" alhali tasa yake nufi. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu Kirista ne. To, za ku zaci cocinsu ɗaya ne ko? Ina! A 1938, lokacin mulkin Japan, babban taron cocin Firasbiteriyan ya amince a riƙa rusunawa a wuraren bautar Japanawa. Waɗanda suka ƙi aka ɗaure wasunsu. Bayan an sami 'yanci a 1945 aka kasa yafe wa juna, cocin ya tsage a 1952, ya sāke a 1953, ya kuma rabe gida biyu a 1959. Yau rassan Firasbiteriyan kaɗai a can sun haura 100. Kun ga darasin? Inda ba a bar wa mai saɓani wurin zama a cikin gida ba, dole ya fita ya gina nasa.

Mu ma mun ɗanɗana. Iyayenmu sun ba mu labarin rigimar ƙabalu da sadalu, yadda ɗan'uwa ya ƙi bin ɗan'uwansa salla a kan inda za a ajiye hannu. An kafa Izala a Jos a 1978, aka raba masallatai, har aure ya mutu a wasu gidaje. Ita kanta Izalar ta rabu ɓangaren Jos da na Kaduna, sai a 2011 aka yi sulhu. Kuma mu mutanen Maiduguri mun fi kowa sanin ƙarshen wanda ya ce shi kaɗai ke kan gaskiya: ina yaro aka yi ta Bulumkutu a 1982, da girmana na ga ta watan Yuli na 2009 da abin da ya biyo baya. Allah kada ya maimaita mana.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Imamu Shafi'i almajirin Imamu Malik ne, ya saɓa masa a mas'aloli da yawa, bai daina girmama shi ba. Shi kuma Malik da halifa ya nemi a tilasta wa duk Musulmi bin Muwaɗɗa, shi da kansa ya hana. In su sun zauna da saɓani, mu su wane ne? Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma ana yi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a rubuta a tsarinmu cewa taimakon gobara, ambaliya ko rashin lafiya ba a tambayar aƙida ko jam'iyya. Da Kasuwar Monday ta ƙone a watan Fabrairu na 2023, Bahaushe da Babarbare da Shuwa da Igbo toka ɗaya muka tona. Na biyu, kwamitinmu ya ƙunshi kowane ɓangare, a sa matasa da mata a ciki. Na uku, in yaro ya tashi a taro ya faɗi abin da ba mu so, kada a ce masa "zauna, kai yaro ne". A saurare shi, a ba shi amsa da hujja. Yaron da muka rufe wa baki a nan, akwai masu jiransa a waje da za su saurare shi, kuma mun san su.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya haɗa kanmu, ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wanda na ɓata wa ya yafe mini.