Ƙuri'ar Wanda Ya Canza Gida

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Tun bayan zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, duk taron da aka kira kan harkar zaɓe a ƙasar nan da zancen na'ura yake farawa, da shi kuma yake tashi: ko na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta yi aiki, ko me ya hana a ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a shafin IReV na hukumar zaɓe a kan lokaci. Kun san labarin, ba sai na maimaita ba. Sai dai duk wannan cece-ku-ce a kan ƙuri'un da aka kaɗa ake yin sa, ni kuwa damuwata waɗanda ba a kaɗa ba, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da na zo in kare a gabanku shi ne, da yawa daga cikin mutanen da muke zargi da halin ko-in-kula gida kawai suka canza, tsarin zaɓenmu kuwa bai yi tanadin kirki ga mai canza gida ba.

Mu duba alkaluman hukumar zaɓe ta INEC da kanta. A 2003 masu rajista sun kai kimanin miliyan 60, aka ce kusan miliyan 42 sun kaɗa ƙuri'a, wato kashi 69 cikin ɗari. A 2011 rajista ta haura miliyan 73, masu kaɗawa suka koma kimanin miliyan 39. A 2015 suka sauko zuwa miliyan 29, a 2019 miliyan 28 da ɗoriya daga cikin miliyan 84. A 2023 rajista ta kai 93,469,008, hukumar ta ce sama da miliyan 87 sun karɓi katinsu, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, kashi 27 cikin ɗari ke nan in an yi rangwame. Rajista ta ƙaru ƙwarai, kason masu fitowa kuwa yana ta raguwa, shekara ashirin a jere. Na yarda alkaluman 2003 da 2007 akwai aringizo a ciki, kuma na'urar tantance kati da aka shigo da ita a 2015 ta zubar da wannan kumfa. To amma daga 2015 zuwa 2023 fa? A wannan tsakanin an ƙara mutum sama da miliyan 20 a rajista, sannan masu zaɓe suka ragu da sama da miliyan huɗu, kuma aringizo ba ya bayyana wannan.

Ku tsaya a kan adadin nan na miliyan 87. Mutumin da ya bi layi a rana ya yi rajista, ya sake komawa ofishin ƙaramar hukuma ya bi wani layin ya karɓi kati, wannan ba a kira shi wanda bai damu ba. Wasu don shaidar buɗe asusun banki suka karɓa, na sani, amma ba za a ce mutum miliyan 60 duka don banki suka sha wannan wahala ba. Sannan ku duba inda giɓin ya fi faɗi. Legas, jihar da ta fi kowace yawan masu rajista, tana da sama da miliyan bakwai a 2023, amma ƙuri'un shugaban ƙasa da aka ƙirga a can ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kano mai kusan miliyan shida ta ba da kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Waɗannan su ne wuraren da aka fi wayewar kai da jin labarai, inda rediyo da waya ba sa barin mutum ya manta da ranar zaɓe. Su ne kuma wuraren da 'yan haya suka fi yawa, inda mai gida kan ƙara kuɗi shekara ta zagayo, mutum ya kwashe kayansa ya nufi bayan gari. Kada kuma a manta, rajistar da muke aiki da ita ginin 2011 ce, ana ta ɗora sababbi a kanta, ba a yi mata tankaɗe da rairayar da za ta nuna wanda ya rasu da wanda ya tashi ba.

Ku ɗauki yarinyar da ta cika sha takwas ta yi rajista a ƙofar gidan mahaifinta a Gwale. Bayan shekara biyu aka ɗaura mata aure, aka kai ta Mariri a Kumbotso ko Rijiyar Zaki a Ungogo. Gado da kujeru da kwanuka duk sun bi ta, har da gara, amma sunanta yana nan a rumfar da ke gaban makarantar firamaren unguwarsu. Ranar zaɓe 'yan sanda sun hana zirga-zirgar ababen hawa tun tsakar dare, babu A Daidaita Sahu, ga goyo a bayanta. Sai dai ta je ta kwana a gidan iyayenta tun jajibiri, in maigida ya amince, in kuma akwai wanda za ta bar wa gida. A al'adarmu kusan kowace mace sai ta yi wannan ƙaura, wata fiye da sau ɗaya, amma sai mu zauna a zauren taro muna mamakin abin da ya hana mata fitowa.

Haka ɗan ci-rani. Zaɓukan shugaban ƙasa na 2015 da 2019 da 2023 a Fabrairu da Maris aka yi su, tsakiyar rani, lokacin da manomin Jigawa ko Sakkwato ya gama girbi ya tafi Agege ko Mile 12 ko Sabo ta Ibadan neman na cefane. Katinsa na ƙauye ne, shi kuma yana nisan tafiyar yini da kwana. A 2019 waɗanda suka daure suka biya kuɗin mota suka koma gida sun wayi gari ranar 16 ga Fabrairu da labarin an ɗage zaɓe da mako guda, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna. Wa zai ga laifin wanda ya ce ba zai sake ba? Ƙara da ma'aikacin Abuja da haya ta kora zuwa Mararaba ko Suleja, wato wata jiha dabam, da mutanen Kaduna da Jos da rikice-rikicen 2000 da 2001 da na bayansu suka sa kowa ya koma unguwar da yake jin zai yi barci da ido biyu rufe, da waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina.

Jami'an hukuma za su ce ai doka ta ba da damar sauya rumfa. Gaskiya ne, sashe na 13 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ya tanadi haka, kuma tun 2021 ana iya fara neman sauyin ta intanet. Amma an rufe aikin rajista ranar 31 ga Yulin 2022, kusan wata bakwai kafin zaɓe, don haka duk wanda ya tashi bayan wannan rana ya rasa. Wanda ma ya nema a kan lokaci sai ya jira sabon kati, ya sake bin layi. Hukumar ta ƙara rumfunan zaɓe a 2021 daga kusan 120,000 zuwa 176,846, aikin da ba a yi irinsa ba tun 1996, kuma abin yabo ne. Amma da zaɓe ya ƙarato ita da bakinta ta sanar cewa 240 daga cikin rumfunan babu ko mutum ɗaya a rajistarsu. An kai rumfa sababbin unguwanni, ba a sauƙaƙa wa mazauna unguwannin hanyar dawo da sunansu ba.

Abokan aikina masu ra'ayin cewa talaka ya yanke ƙauna ne daga 'yan siyasa, ko kuma ƙarancin takardun naira da man fetur ne ya hana fita a 2023, ban ce ba su da hujja ba. Sai dai rashin kuɗi a hannu ya fi cutar da wanda rumfarsa ke nesa. Wanda tasa ke bakin layinsu da ƙafa yake zuwa. Hujjar tasu ma tawa take ƙarfafawa. Masu tsoron cewa sassautawa za ta buɗe ƙofar zaɓe sau biyu kuwa, to mene ne amfanin na'urar da ke tantance yatsa da fuska, wadda muka kashe mata maƙudan kuɗi?

A nan ne siyasa ta shigo, kuma a nan nake da tsohuwar jayayya da 'yan majalisarmu. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 15, ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya, sashe na 41 kuma ya ba shi 'yancin zirga-zirga. Amma a aikace takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ce ke ba da gurbin karatu da aikin gwamnati, shi ya sa mutumin da ya shekara talatin a wani gari yake barin katinsa a garin kakanninsa. Hakan ya yi wa ɗan siyasa daɗi. Baƙon da ba ya zaɓe a unguwa ba ya tambayar kansila ina rijiyar burtsatse, kuma wanda sai an ɗauki hayar mota an kai shi gida ya kaɗa ƙuri'a, an san wanda zai ba wa. Abin da aka ga an yi wa waɗanda ake kira baƙi a wasu rumfunan Legas a zaɓen gwamna na Maris 2023 ya nuna yadda wasu ke kallon ƙuri'ar mai ƙaura.

Abin da na daɗe ina kira a yi bai canza ba. A bar ƙofar sauya rumfa a buɗe duk shekara a kowace mazaɓa, a rage wa'adin rufe ta zuwa wata ɗaya kafin zaɓe, kuma a daina ɗaure mutum da sabon kati tunda yatsansa da fuskarsa suna cikin na'ura. A zaɓen shugaban ƙasa, wanda tsarin mulki ya ɗauki ƙasar gaba ɗaya a matsayin mazaɓa guda, a bar mutum ya sanar da hukuma tun da wuri inda zai kasance, a saka sunansa a na'urar wannan rumfa, a cire shi daga ta asali. Afirka ta Kudu tana yin irin wannan, mu ma mun gwada wani abu mai kama da shi a 2015 lokacin da Farfesa Attahiru Jega, shugaban INEC na wancan lokaci, ya shirya wa 'yan gudun hijirar Borno da Yobe da Adamawa wuraren zaɓe. Za a tambaye ni a wace jiha za a lissafa irin wannan ƙuri'a wajen sharaɗin kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Amsata ita ce a jihar da aka kaɗa ta, domin a can mutumin yake zaune, a can yake biyan haya da haraji. Sannan a tilasta wa INEC da hukumar NIMC mai ba da lambar NIN su haɗa bayanansu, ta yadda wanda ya sauya adireshi a ɗaya za a tambaye shi nan take ko yana so a sauya masa rumfa a ɗayar.