Jawabi a Kan Kayan Roba: Abin da Ya Sa Wani Ke Daɗewa, Wani Ba Ya Daɗewa

Maganar yau a kan roba ce, ba ta danƙo ba wadda ake tatsa daga itace, a'a, wadda ake yi a masana'anta, irin ta buta da bokiti da tankin ruwa da bututun famfo. Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan zancen 'yan koli ne, bai kai a kawo shi fada ba. To, amma duk hakimin da ya taɓa sa hannu a takardar karɓar rijiyar burtsatse, sa'an nan bayan damina biyu dagaci ya zo ya faɗi ya ce tanki ya tsage, mata sun koma ɗiban ruwan tafki, ya san zancen ya iso fada tun tuni. Kuɗin jama'a ne ya salwanta, kuma sunan da ke ƙasan takardar ba na ɗan kwangila ba ne shi kaɗai.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, babu kayan robar da ake yi da roba zalla. Kowanne da mahaɗinsa. Majemi ya fi kowa fahimtar wannan, gama in an shanya fata haka nan sai ta ƙandare ta zama ƙirgi, in ta jiƙe kuma ta ruɓe. Sai an jeme ta da bagaruwa take daina ruɓa, sai an shafa mata mai an murza take laushi. Fata ɗaya ce, amma abin da aka sa mata shi ke nuna ko za ta zama sirdi ko za ta zama abincin gara. Haka roba take, sai dai shi majemi ana ganin hannunsa, mahaɗin roba kuwa yana ciki, ido ba ya ganinsa ranar ciniki.

Ita roba, da za a iya duba cikinta, da sai a ga zaruruwa ne dogaye ƙwarai, sun sarƙe da juna kamar zaren da yaro ya hargitsa. Ƙarfinta duka daga tsawon zaruruwan nan yake. Abokan gābarsu uku ne: zafi, da iskar da ake shaƙa, da wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani. In suka haɗu a kan roba sai su riƙa tsinka zaren nan kaɗan kaɗan, tun daga fatar waje har ciki. Shi ya sa kujerar robar da aka bari a filin makaranta take fara dusashewa, sa'an nan ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari, rana ɗaya kuwa ƙafarta ta karye ƙarƙashin mutum ba tare da ta lanƙwasa ba. Masana sun lura cewa irin wannan lalacewa takan kusan ninka saurinta duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Saboda haka kayan da zai yi shekaru a ƙasar Turawa ba lalle ne ya yi su a Sakkwato ko Nguru ba, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Tun 1988 aka fara buga wata lamba cikin alama mai kusurwa uku a gindin kayan roba, daga 1 zuwa 7, don a san irinta. Uku daga ciki sun fi shafar aikin gunduma. Lamba 2 ita ce ta jarka da irinta, danginta kuma ake yin tankin ruwa da baƙin bututu da su. An gano wannan dangi a Ingila a 1933. Lamba 5 ita ce ta kujera da buhun taki da igiya, wadda wani Ba'italiye, Giulio Natta, ya fito da ita a 1954. Lamba 3 ita ce wadda ake rubuta wa PVC, ta bututun famfo da rigar wayar lantarki. Amma a lura, lambar nan asalin robar kaɗai take faɗi, ba ta faɗin abin da aka haɗa mata.

Ga misalin tanki. Maganin rana mafi tsufa kuma mafi araha shi ne wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ake samu ta ƙona mai da gangan cikin ƙarancin iska. Ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita a kan baƙin bututun ruwa ta ce a sa kashi 2 zuwa 2 da rabi cikin 100, a kuma cuɗa shi sosai har ya game ko'ina. Aikinsa irin na makuba ne a jikin soro: shi ke karɓar dukan, abin da ke bayansa ya tsira. Yana da wani amfani kuma, tun da haske ba ya ratsa bangon tanki, gansakuka ba ta tsirowa cikin ruwan. Kayan da ake so su fito da launi, kore ko shuɗi ko ja, ba su ɗaukar baƙin gari, sai a sa musu wani magani dabam wanda masana'antun Japan da Suwizalan suka fito da shi a shekarun 1970. Wannan ba ya tare haske, ɓarnar yake bi yana kashewa tun tana ƙarama, kuma abin da ake sawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga shi kaɗan, amma da tsada, don haka shi ne abin da mai son rage kuɗi ke fara tsamewa. Buhun da ba a sa masa ba, in aka tara shi a fili, cikin 'yan watanni sai a ɗaga shi ya zube kamar busasshen ganye, hatsi ya watse. Ko buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashen nan a 2007, ɗaki aka yi shi dominsa, ba tsakar gida ba.

PVC ita ce ta fi kowace dogara ga mahaɗi, ita ce kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Wani Bajamushe, Eugen Baumann, ya gan ta tun 1872, amma ta yi fiye da shekara 50 ba ta da wani amfani, don tana da taurin kai iri biyu. Na farko, ba ta narkewa yadda za a zuba ta a ma'auni sai an kai ta wajen digiri 160 zuwa 200, alhali tun kafin nan ta fara ƙonewa. In ta fara sai ta fitar da wani tururi mai tsami mai cin ƙarfe, shi kuma tururin ya ƙara hura ƙonewar, ta yi rawaya, ta yi ja, ta yi baƙi. Dole sai an sa mata abin da zai kame tururin nan da zarar ya fito. Shekaru da yawa da gishirin dalma ake wannan aiki, don yana da araha kuma yana yi sosai. A Amurka da kuza suke yi wa bututun ruwa, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Masana'antun Tarayyar Turai sun bar dalma a ƙarshen 2015, suka koma ga haɗin kalsiyam da tutiya, sa'an nan a 2023 aka yi doka wadda ta hana shigar da PVC mai dalma ƙasashensu, ta fara aiki a ƙarshen 2024.

Ba sai an gaya wa mutanen ƙasar nan abin da dalma ke yi ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Wancan daga niƙan dutsen zinariya ne, ba daga roba ba, kuma abin da bututu ke saki cikin ruwa bai kama ƙafar wancan ba. Amma likitoci sun tabbatar babu wani gwargwado na dalma da za a ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Sabon bututu ne ya fi saki, daga fatarsa ta ciki. Saboda haka daidai ne a tambayi ɗan kwangila a rubuce ko bututunsa na ruwan sha ne marar dalma, kuma in an gama aiki a bar ruwa ya gudu a zubar kafin a buɗe wa jama'a.

Taurin kanta na biyu, in ta huce sai ta ƙandare. A 1926 wani Ba'amurke, Waldo Semon, yana neman abin da zai manna danƙo a jikin ƙarfe, sai ya dafa ta cikin wani ruwa mai kama da mai, ya ga ta fito da laushi tana lanƙwasa. Daga nan aka sami tiyo da takalmin roba da ledar ɗaki da rigar waya. Man nan yakan kai sulusin nauyin kayan, wani lokaci ya fi. Abin lura shi ne, shiga tsakanin zaruruwa kawai yake yi, bai ɗauru da su ba, don haka a kwana a tashi yana fita. Zafi na kore shi, kananzir da fetur da man girki na tsotse shi. Ledar ɗakin da ta bushe ta tsattsage, manta ne ya tafi. A leda hasara ce kawai. A wayar lantarkin da aka ja ƙarƙashin kwanon rumfar kasuwa kuwa, in riga ta tsage waya ta taɓa waya, gobara ce. Wasu irin man kuma an same su da taɓa lafiyar yara, har Tarayyar Turai ta hana sa su a kayan wasan yara a 2005, Amurka ta bi a 2008.

Ba kowace fita ce aibi ba, don kada a yi wa abin kuɗin goro. Akwai gidan sauron da ake cuɗa maganin sauro cikin robar zarensa tun a masana'anta, da nufin ya riƙa fitowa sannu sannu shekara da shekaru. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a shanya shi a inuwa.

Saura ciko, wanda a nan ne aka fi cutar mai saye. Ana zuba garin alli cikin PVC, kaɗan daga ciki yana da amfani wajen aiki. Amma alli ya fi roba araha nesa ba kusa ba, kuma ya kusan ninka ta nauyi. Mai saye kuwa ya saba ɗaga kaya a hannu, in ya ji nauyi ya ce mai kyau ne. To, a bututu wannan awo yana iya yaudara, gama wanda aka cika wa alli ya fi nauyi, ya kuma fi saurin fashewa. In an jefar da shi daga mota sai ya tsage kamar ƙwarya, maimakon ya yi tsalle. Kama da wane ba ta wane. Haka kuma baƙi ba kullum ne shaidar maganin rana ba. Robar da aka tsinto a juji aka sake narkawa, maganinta na farko ya riga ya ƙare, kuma baƙi ake rina ta don a ɓoye gaurayen launi. Sana'a ce mai kyau, tana rage shara tana ciyar da mutane, kayanta kuma sun isa kwandon shara da abin ban ruwan shuka. Amma tun da ba a san abin da ta ɗauka a rayuwarta ta fari ba, wani lokaci har da ɓaraguzan rediyo da talabijin masu maganin hana kama wuta, ba ta dace da tankin sha ko zuba koko mai zafi ba.

Hakimi ba shi da ɗakin gwaji, ba a kuma ce ya zama masani ba. Abin da ke hannunsa takarda ce da ido. Bututun kirki yana ɗauke da rubutu a jikinsa daga kai zuwa gindi: sunan masana'anta, da faɗinsa, da ƙarfin matsin ruwan da zai jure. Wanda ya zo fes babu rubutu, mai shi bai so a san shi ba ne. Akwai kuma tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1971; a neme shi, ko da yake shi ma akan yi na jabu, don haka ba ya hana a duba sauran. A duba bakin bututu a ga ko kaurin bangonsa ɗaya ne kewaye, a duba cikinsa ko akwai zane-zanen rawaya ko na ƙasa-ƙasa, alamar ya fara ƙonewa tun a masana'anta. In kaya sun iso kafin a fara aiki, kada a jibge su a rana a ƙofar fada wata da watanni, a sa su a rumfa. Bututun PVC a ƙarƙashin ƙasa aka yi shi ya zauna, inda ake sa ran ya kai shekara 50. Guntun da ya zama dole ya fito fili, a shafa masa farin fenti ko a rufe shi. Tanki ma in an yi masa 'yar rumfa, ruwan ya fi sanyi, shi kuma ya fi daɗewa.

Ga malamai kuma akwai wani ɗan aiki wanda ba ya cin ko kwabo. Duk aikin ruwan da aka kawo gunduma, malami ya sa a yanko masa guntun bututu kamar kamu ɗaya, daga inda rubutun yake, ya ɗaura masa takarda da kwanan wata da sunan ƙauye da na ɗan kwangila, ya ajiye a ofis cikin inuwa, ya kuma shigar da abin da ke rubuce a jikinsa cikin littafi. In bututu ya fashe bayan shekara, ana da abin gwadawa da wanda aka tono, kuma ana da abin aika wa injiniyan ƙaramar hukuma. Ragowar guntayen da suka rage a wurin aiki kuwa, a gargaɗi masu unguwa kada a bar yara su tara su su cinna musu wuta, ko su ƙona tsohuwar waya don cire tagulla, domin hayaƙin PVC yana ƙona ƙirji, tokar kuma in da dalma a ciki a nan ƙasa take zama inda awaki ke kiwo.