Ruwa Ba Isansi Ba Ne: Abin Da Gwajinmu Ya Nuna Mana

Ya ku ƴan uwana matasa, na Tanut da na Belbeji.

Da yawanku kun ga bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp: mutum ya ɗaura gorar ruwa a jikin moto, ya haɗa wayoyi da batir, ya ce daga yau ya sallami mai sayar da isansi. Wani ɗan kabu-kabu daga cikinmu har ya fara tara kuɗi zai saya. Shi ya sa muka ce, kafin kuɗin nan su tashi, bari mu gwada da hannunmu.

Akwai gaskiya a gindin maganar. Ruwa haɗi ne na iska biyu, haidirojin da oksijin, kuma wutar lantarki na iya raba su. Tun a 1800, a Landan, William Nicholson da Anthony Carlisle suka yi haka da batirin da Volta ya ƙirƙiro. Haidirojin kuwa tana cin wuta ƙwarai.

Ga yadda muka yi. Muka sami ƴar robar ruwa mai faɗin baki. Muka fasa tsofaffin batura na tocila biyu, muka zaro baƙin sandan gawayin da ke tsakiya, muka wanke. Muka ɗaura wa kowane waya, muka tsoma su a ruwa ba tare da sun taɓa juna ba, muka kife ƙaramar kwalba cike da ruwa a kan kowane. Wutar daga batirin fano mai bolt 12 muka ja.

Da ruwa zalla, kumfa kaɗan ce ta fito, don ruwa shi kaɗai bai iya ɗaukar wuta sosai ba. Sai na yi kuskure: na zuba gishiri. Nan da nan kumfa ta taso, muka yi murna, sai ga wari irin na jabel ya cika ɗakin. Iskar kulorin ce, guba ce ga huhu. Don Allah kada wanda ya sa gishiri. Kanwa ma sau da yawa akwai gishiri a cikinta. Ku nemi bikarbonat a farmasi, cokali ɗaya ya isa.

Da muka sake, sai muka ga abin da aka koya mana a lakwal: kwalbar da ke gefen alamar ragi, wato ta haidirojin, tana tara iska fiye da ninki biyu na ɗayar. A lissafi biyu da ɗaya ne cif, amma wani ɓangare na oksijin yana narkewa a ruwa, wani kuma yana cin gawayin. Muka ɗauki ƴar kwalbar tana kife, a waje, muka kusanta ashana da bakinta, ta ce "fuf!" Haidirojin ce, babu tantama.

To, yanzu ku saurari lissafin, don nan ne zancen yake. Wutar amfiya ɗaya a awa ɗaya ba ta ba da haidirojin da ta kai rabin lita, komai wayonka. Namu rabin amfiya ne, saboda haka abin da za mu samu a awa wajen kashi ɗaya cikin biyar na lita ne. Batir ya ba da wat 6 a wannan awa. Iskar da muka tara, in an ƙone ta, ƙarfinta bai kai wat 1 ba. Sauran ya tafi wajen ɗumama ruwa. In kuna so ku tafasa lita ɗaya ta ruwan shayi a fada, kuna buƙatar wajen lita 27 ta wannan iska, wato kwana biyar da ƴan kai injinmu na aiki dare da rana. Ko manyan injina na masana'antu ba su taɓa mayar da fiye da abin da aka zuba masu ba. To, moton da ke raba ruwa da batirinsa, shi kuma batirin da isansi ake cika shi, ina ribar? A Amurka ma, wani Stanley Meyer ya yi da'awar mota mai tafiya da ruwa, kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba a 1996.

Kada ku ce ashe aikin banza ne. Da haidirojin ake haɗa takin zamani irin su ure da muke sa wa gonaki, kuma matatun mai na duniya suna amfani da ita. Ga SORAZ nan kusa da mu a hanyar Damagaram, tun 2011, tana buƙatar masu sanin sinadarai. A Mali, a ƙauyen Burakebugu, masu haƙar rijiya sun ci karo da haidirojin a ƙarƙashin ƙasa a 1987, daga baya aka kunna wa ƙauyen lantarki da ita a 2012. Rana kuwa, Allah ya hore mana ita a Damargu. Marigayi Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, a kan ƙarfinta ya ƙarar da rayuwarsa.

Wanda zai gwada, ga amana: a waje za a yi, ba a ɗaki ba. Kada a tara iskar biyu a kwalba ɗaya, kada a toshe ta. Kashi 4 cikin 100 na haidirojin a cikin iska ya isa ya kama da wuta. A nisanta taba da murhu da yara ƙanana, kuma ruwan da ya rage kada a zubar inda dabbobi ke sha.

Addininmu ya hana mu yaɗa labarin da ba mu tantance ba, ya kuma hana cin dukiyar mutane da yaudara. Duk wanda ya zo maku da injin mamaki, ku tambaye shi: nawa ya shiga, nawa ya fito? Ɗan uwanmu dai kuɗinsa na aljihunsa, ya ce taya zai saya. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.