Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Daniyel, sura ta 1.

Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kwashi waɗansu samari 'ya'yan sarauta ya kai su ƙasarsa. Kufan Babila yana nan har yau a ƙasar Iraƙi, kudu da Bagadaza. Cikin samarin akwai Daniyel, da Hananiya, da Mishayel, da Azariya. Sarki ya umarta a koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa har shekara 3, a kuma ciyar da su da irin abincin da shi kansa yake ci. Har suna aka sauya musu, suka zama Belteshazzar, da Shadrak, da Meshak, da Abednego. Nufin sarki shi ne su zama mutanen Babila ciki da waje.

Mu lura da kyau, 'yan'uwa. Samarin nan ba su ƙi makaranta ba, ba su ƙi aikin fada ba, sun kuma amsa sababbin sunayen. Amma da aka zo kan abinci, sai Daniyel ya tsaya. Shari'ar Musa ta hana Yahudawa cin waɗansu irin nama, masana da yawa kuma suna ganin akan fara miƙa abincin sarki ga gumaka. A nan ne iyakarsa take, ya kuwa san da ita tun kafin a ajiye masa akushi.

Mu dubi kuma yadda ya ƙi. Bai yi zagi ba, bai raina kowa ba. Roƙo ya yi wurin Ashfenaz, shugaban babannin sarki. Da Ashfenaz ya ji tsoro kada sarki ya ga sun rame ya sa a sare kansa, sai Daniyel ya nemi mai lura da su ya gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa kawai. Da kwanakin suka cika, aka tarar sun fi sauran samari kyan jiki.

Hausawa sukan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Akwai gaskiya a ciki in ana zancen gaisuwa, da sutura, da girmama manyan gari. Amma akwai wutsiyar da ba ta mai bi ba ce. Ɗalibi yakan ga dukan aji sun haɗa kuɗi don a ba su amsar jarrabawa, shi kaɗai ya rage. Ma'aikaci yakan ga an kawo masa takardar kuɗi da aka yi wa ƙari, ana cewa, “Sa hannu mana, kowa haka yake yi.” Mai awo a kasuwa yakan ga maƙwabtansa sun doke gindin mudu. Wanda ya ƙi, za a ce yana nuna ya fi kowa tsarki, wataƙila ma ya rasa abokai ko ƙarin girma. Ba mu yi muku alkawari abin zai zo da sauƙi ba. A sura ta 3 an jefa abokan Daniyel cikin tanderun wuta, a sura ta 6 kuma an jefa shi kansa cikin ramin zakoki domin ya ƙi barin addu'a.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai an miƙa masa biro kafin ya fara tunanin abin da zai yi, da wuya ya tsaya. Daniyel ya yanke shawara tun yana saurayi a kan abu ƙarami, shi ya sa ya iya tsayawa da furfura a kan babban abu. Ya zauna a Babila fiye da shekara 60, har birnin ya faɗa hannun Sairus na Farisa a shekara ta 539, bai kuwa sauya Allahnsa ba.

To, mu fa? Bari kowannenmu ya zauna yau da dare, ya faɗa wa Allah abin da ba zai yi ba ko da kowa yana yi. Iyaye kuma, mu yi wannan zance da 'ya'yanmu kafin su koma makaranta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka nuna mana iyakarmu, ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya a kanta da tawali'u, cikin sunan Yesu. Amin.